Ƙararrawa Ɗaya, Kira Biyu: Harshen Atisayen Gaggawa da Fargabar Yara a Makarantun Firamare na Katolika a Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Sace ɗaliban makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a watan Nuwamba na 2025 ya tilasta wa makarantun gaɓar Tafkin Kainji tunanin abin da za su koya wa yara su yi idan an kawo hari. Wannan maƙala ta dubi atisayen gaggawa ta fuskar harshe da al'ada, wato kalmomin da ake gabatar da shi da su, da sautin da ake kiran sa da shi, da yadda yake cuɗanya da ibada a makarantar firamare ta Katolika. An dogara da rahotannin da suka fito fili game da hare-haren yankin, tare da ƙalailaice kalmomin tsoro na Hausa. Maƙalar na ganin cewa atisayen da aka kwafo daga waje, ko wanda aka ɗora a kan ƙararrawar addu'a, zai iya rage firgicin sa'a guda ya kuma dasa fargabar shekara.

Fitilun Kalmomi: atisaye, fargaba, ƙararrawa, Katolika, Warra

1.0 Gabatarwa

Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, tana gaɓar gabas ta Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. A ƙetaren ruwan akwai ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, inda Papiri take. Iyakar jiha ta raba su a takarda, amma kasuwa da kwalekwale da auratayya sun haɗa su, haka ma coci, domin Dayosis ɗin Katolika na Kontagora ya ƙunshi Agwara da kuma masarautun Yawuri da Zuru na Jihar Kebbi. Abin da ya sami Papiri, a wurin iyayen Warra da Shanga, labarin gida ne.

Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, kuma 'yan matan ƙarshe da suka tafi da su ba su dawo ba sai a 2023. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka kwashe ɗalibai mata 25 a makarantar Maga da ke Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Bayan kwana huɗu, da tsakar daren Juma'a 21 ga wata, aka afka wa St. Mary. Alƙaluman da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta bayar a lokacin sun ce ɗalibai 303 da malamai 12 aka ɗauka, 50 suka kuɓuta da ƙafarsu. An sako 100 a farkon Disamba, sannan 130 ranar 21 ga watan. Abin da ya bambanta Papiri da sauran shi ne shekarun yaran: mafi rinjayensu 'yan firamare ne.

Ta fuskar doka ba a rasa tanadi ba. An ƙaddamar da shirin kare makarantu a watan Mayu na 2014 bayan Chibok, an kuma fitar da manufar ƙasa da mafi ƙarancin ƙa'idojin tsaron makarantu a 2021. Sai dai rahoton UNICEF na Afrilu 2024 ya nuna kashi 37 cikin ɗari kacal na makarantun jihohi 10 da aka duba ne ke da tsarin gargaɗin wuri. Takardun sun ce a horar da yara. Yadda za a faɗa wa ɗan shekara shida, da wane harshe, a gaban wane bagadi, wannan an bar wa malamin aji.

2.0 Tsoro, Firgici da Fargaba

Hausa ta rarrabe abin da harshen manufofi yakan dunƙule. Tsoro yana da abin da ake jin sa a kansa, kamar maciji ko ruwa mai zurfi, kuma yana iya zama hankali, shi ya sa uwa take koya wa ɗanta tsoron rijiya. Firgici da razana na nan take ne, suna kwace wa mutum tunaninsa, ƙafa ta ƙi ɗauka ko ta ɗauka ba alƙibla. Fargaba kuwa zaman jiran abin da bai zo ba ne, idan ta daɗe ta koma zullumi, yaro ya kasa barci ya kasa karatu.

Manufar atisaye ita ce kashe firgici ta hanyar mayar da shi tsoro mai alƙibla: ka ji wannan, ka yi wancan. Farashinsa fargaba ce, domin duk maimaici tuni ne cewa abin zai iya zuwa. Wani bincike da ƙungiyar Everytown ta yi tare da Jami'ar Fasaha ta Jojiya a Amurka, wanda ya fito a 2020, ya sami ƙarin kashi 42 cikin ɗari na alamun damuwa da ƙarin kashi 39 na alamun ƙuncin zuciya a rubuce-rubucen jama'ar makarantu cikin kwana 90 bayan atisaye. Ya kamata a riƙi wannan da taka-tsantsan, don an auna kalaman kafafen sada zumunta ne, waɗanda manya da matasa ke rubutawa. Duk da haka ya isa hujjar cewa atisaye magani ne mai illa, ana auna shi kafin a ba yaro.

Ita kanta kalmar atisaye tana da nauyi. Aro ce daga Ingilishi da ta shigo ta barikin soja, kuma a kunnen Bahaushe tana tafe da kaki da bindiga. Malamin da ya ce wa 'yan aji ɗaya "yau za mu yi atisaye" ya riga ya shigo da soja aji. "Gwaji" ya fi sauƙi, ko da yake yana karo da jarrabawa. "Koyon hanya" ya fi su duka dacewa da ƙananan yara, domin abin da ake so su sani ke nan: ƙofa, da hanya, da mutumin da za su bi.

3.0 Ƙararrawa

A makarantar Katolika ƙararrawa ita ke tsara yini. Ita ke tayar da 'yan kwana, ita ke kiran taron safe da Mas, ita ke tsayar da kowa don addu'ar Anjelus, wadda a al'adar cocin ake yi da ƙarfe 6 na safe da 12 na rana da 6 na yamma. A ƙauyuka sau da yawa tsohon wilin mota ne aka rataye a bishiya. Abu mafi sauƙi ga hukumar makaranta shi ne ta ce idan an buga shi ba ƙaƙƙautawa to haɗari ne. Maƙalar nan na ganin wannan kuskure ne ta fuska biyu.

Na farko, yaro ba ya ƙirga bugu, sautin yake ji. Idan ƙarfen da ke kiran sa ga addu'a shi ne ke shelar zuwan 'yan bindiga, to kowane bugun farko na Anjelus zai zo da faɗuwar gaba kafin na biyu ya tabbatar masa lafiya ce. Sau uku a yini ke nan ana taɓa miki. Wurin da ya kamata fargaba ta sauka ya zama wurin da take tashi.

Na biyu ya fi haɗari. Duk abin da ƙararrawa ta koya wa yaro shi ne ya fito ya shiga layi. Haka ma kayan shela na gargajiya: gangami da ƙuge da yekuwa suna tara jama'a ne, kururuwa kuma tana kiran mutane su nufo inda ake yin ta. Al'adar ba ta tanadi sautin da ke nufin a watse ko a yi shiru ba. Atisayen gobara, wanda shi ne aka fi sani, ya ƙara ƙarfafa wannan, domin ƙarshensa taruwa a fili a ƙirga kai. Ga mai satar mutane kuwa, yara ɗari a layi aiki ne da aka gama masa. A Chibok a 2014 maharan sun zo da sunan sojoji ne, suka umarci 'yan matan su taru, kuma ladabi ne ya fito da su. Waɗanda suka tsira daga cikin 276 ɗin, su 57, sun yi hakan ne da gudu da tsalle daga mota. Ke nan haɗari biyu na buƙatar sauti biyu, kuma babu ɗayansu da ya kamata ya zama ƙararrawar ibada. Usur zai wadatar ga ɗaya daga ciki.

Amma "ku watse" ma ba umarnin da za a ba ɗan shekara shida ba ne da ƙarfe biyun dare, a ƙasar da gefe guda daji ne gefe guda ruwa. Mutanen Warra ba su manta da jirgin ruwan da ya nutse ranar 26 ga Mayu 2021 da fasinjoji fiye da ɗari ba, kuma cikinsu har da manya da suka girma a bakin ruwa. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne ƙananan rukunoni, kowanne da babba guda da yaran suka san sunansa da muryarsa, da wurin fakewa da suka taka da ƙafarsu da rana.

4.0 Harshen Umarni da Zauren Ibada

Hausa ce harshen kasuwa da na wa'azi a yankin, amma yara da yawa sun zo makaranta ne da harsunan Kambari, ko Gunganci, ko Lopanci, ko Shanganci. Ingilishin aji ba zai yi aiki a duhu ba. Gajerun umarnin Hausa sun fi, sai dai su ma a tace su. "Kowa ya kwanta" da "ku fito" kalmomin ɗan fashi ne kafin su zama na malami. Umarnin da ke ɗauke da suna, kamar "bi Sista" ko "riƙe hannun Yaya", ya fi wuyar kwaikwaya ga baƙo, ya kuma ɗaure yaro ga mutum maimakon ga kowace murya mai tsawa.

Shin a yi gwajin a cikin coci? Ranar 27 ga Agusta 2025 wani ɗan bindiga ya buɗe wuta ta tagogin cocin Annunciation a Miniyapolis ta Amurka, ana tsakiyar Mas na buɗe zangon karatu, ya kashe yara biyu masu shekara 8 da 10. Ɗaya daga cikin ɗaliban da suka tsira ya shaida wa 'yan jarida cewa sun saba gwaji a aji amma ba su taɓa yi a coci ba. Salon Amurka na kulle ƙofa a ɓuya bai dace da Papiri ba, inda mahara da yawa ke da dare guda a hannunsu, amma wannan darasin ya ƙetaro: coci ne inda makaranta ke taruwa kaf a lokacin da kowa ya sani. Dole yara su san ƙofofinsa. Hanyar yin haka ba tare da ɓata musu wurin ba ita ce a yi bayan an idar da ibada, da rana, da sanarwa, katikis ko Sista na gaba, ana tafiya ba gudu ba. Kada a katse Mas da ƙararrawar ƙarya, kada kuma a sa wani ya yi shigar ɗan bindiga.

A nan adabin baka yana da abin koyarwa. Bahaushe ya daɗe yana tsorata yara da Dodo a tatsuniya ba tare da ya raunata su ba, domin tsoron yana da ƙofar shiga da ta fita. "Ga ta nan ga ta nanku" ta buɗe, "ƙurunƙus" ta rufe, kuma mai bayarwar kaka ce da yaro ke jingine da ita. Atisayen bazata tatsuniya ce da ba a yi mata mabuɗi ba. Gwajin da aka buɗe da kalma sananniya, aka rufe da wata, aka biyo da waƙar coci da yaran suka saba, ya ari wannan tsari. Ga 'yan nazare ana iya kusanta shi da wasan ɓuya, muddin ba a yi wa wanda ya yi tambaya ƙarya ba. Yaran Ngaski sun san dalilin da ya sa aka rufe makarantu a ƙarshen 2025.

Sauran aikin na masu koyar da addini ne. Yaro zai tambaya: idan Allah na tsare mu, don me muke koyon gudu? Babi na biyu na Bisharar Matiyu yana ba da labarin Yusufu ya ɗauki Yesu da Maryamu da dare ya gudu Masar, wanda ke nuna gudu daga azzalumi biyayya ce. Ɗalibi Musulmi a ajin zai gane wannan daga tarihin Hijira. Labarin dai yana da kaifi biyu, don a babin ne Hirudus ya kashe yaran da ba su gudu ba, kuma cocin na tunawa da su ranar 28 ga Disamba. Mai hikima zai tsaya a kan tafiyar, ya bar maganar shahada ga manya. Ya kuma guji cewa addu'a ce ta kuɓutar da waɗanda suka kuɓuta, domin ƙanin wanda aka tafi da shi zai kammala lissafin da kansa, ya ɗauka tasa addu'ar ce ba ta isa ba.

5.0 Yaran da Suka Dawo

Akwai rukunin da duk abin da ya gabata bai ishe su ba, wato yaran da suka yi makonni a daji da 'yan'uwansu na gida ɗaya. A wurinsu usur da gudun ƙafafu maimaicin daren ne. Ya dace a sanar da su da iyayensu tun jiya, a ba su zaɓin zama da wani babba a gefe, a nuna musu hanyar su kaɗai a wani lokaci.

Alamun da za a lura da su sanannu ne: fitsarin kwance bayan an daina, firgita cikin barci, ciwon ciki ba dalili, manne wa uwa, ƙin shiga ɗakin kwana ko coci. A gidaje da dama, na Kirista da na Musulmi, fassarar farko ita ce iska ko sammu, sai a nufi addu'ar kora ko ruƙiyya, inda tsawa da taron jama'a kan ƙara wa yaron abin da ke damun sa. Katikis da malamar aji su ne za su fara gani, su ne kuma iyaye za su yarda da maganarsu idan suka ce wannan ciwon firgici ne, yana da suna, yana da magani. Horar da su ya fi gaggawa a kan tura yaro asibiti, ganin cewa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiyar sa'o'i masu yawa ce daga Warra, kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa kuma ya fi ƙarfin masunci a lokacin da kamu ya ja baya.