Darasinmu na Wannan Mako: Mace Za Ta Iya Shugabantar Jami'a?

Amsar tambayar da ke sama ita ce e, kuma an riga an yi. Ga bayani.

Wane ne shugaban jami'a?

Kowace jami'a tana da uban jami'a, wanda sau da yawa sarki ne, kuma an fi ganinsa ranar yaye ɗalibai. Amma mai tafiyar da aiki kullum shi ne shugaban jami'a. Shi ke kula da malamai da ɗalibai da jarrabawa da kuɗi. A jami'o'in gwamnatin tarayya, shekara 5 yake yi sannan ya sauka.

Matan da suka hau kujerar

1. Farfesa Grace Alele-Williams. An haife ta a Warri a 1932. Ta karanta lissafi, darasin da yawancinmu muke gudu. A 1963 ta sami digirin dakta a Jami'ar Chicago ta Amurka. A 1985 aka naɗa ta shugabar Jami'ar Benin, ta zama mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a Najeriya. An san ta da yaƙi da ƙungiyoyin asiri a jami'ar. Ta rasu a 2022.

2. Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar Jihar Bauchi, masaniyar kimiyyar sinadarai. Ta shugabanci Jami'ar Abuja.

3. Farfesa Fatima Batul Mukhtar, 'yar Kano, masaniyar tsirrai. A 2016 ta zama shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Kenan ba a Kudu kaɗai abin ya tsaya ba. Amma har yanzu maza sun fi yawa nesa ba kusa ba a wannan kujera. Me ya sa?

Matakan da ake takawa

Ba a wayi gari mutum ya zama shugaban jami'a. Sai ya gama ƙaramar sakandare, ya gama babba, ya ci WAEC ko NECO da kiredit 5, har da Turanci, sannan ya ci JAMB. Daga nan digiri na farko, bautar ƙasa, digiri na biyu, digiri na uku. Sai ya yi shekaru yana koyarwa da bincike kafin ya zama farfesa. Cikin farfesoshi ake zaɓar shugaba.

To a nan matsalar take. 'Yan mata da yawa tun a matakin farko suke sauka. Wata talla ke hana ta zuwa aji, wata babu kuɗin jarrabawa, wata kuma a yi mata aure ba tare da an yi maganar ci gaba da karatu ba. Wadda ba ta gama aji uku ba, yaya za a yi ta zama farfesa? Idan 'yan mata sun yi kaɗan a ajinmu yau, za su yi kaɗan a ofisoshin jami'a gobe.

Abin da za mu iya yi

'Yan mata, mu daina zama a bayan aji muna jin kunyar ɗaga hannu. Idan ana neman monita ko firifet, mu fito, domin da rarrafe yaro kan tashi. Maza, ku daina yi wa yarinya dariya idan ta kuskure amsa. Iyayenmu kuma muna roƙonku, ku bar mu mu gama.

Tambayar mako: a wace shekara mace ta fara shugabantar jami'a a Najeriya? A kawo amsa wurin Kulob ɗin 'Yan Jarida kafin Juma'a.