Maɗaciyar nan da muke yarwa, da yadda hanta ke gyara kanta

Darasin yau ya ɗan shiga kimiyya, amma ku daure ku karanta, don ni sai da na yi asara kafin na fahimce shi.

Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, na samu masara mai araha na haɗa wa buroila 150 abinci da ita. A sati na huɗu suka daina ciko, cin abinci ya ragu, kullum sai na ɗauki gawa ɗaya ko biyu. Wani mai sayar da magungunan kaji ya ba ni wani gari, ya ce sinadarin maɗaciya ne, yana wanke hanta. Na saya, na zuba a cikin wannan abincin dai. Sati guda babu canji. Sai da likitan dabbobi ya zo ya farke guda biyu. Hantar ta kumbura, ta yi ɗorawa-ɗorawa, kana taɓawa tana dagargajewa. Bai tambaye ni magani ba, cewa ya yi: "Malam, nuna min masararka."

To me ya haɗa maɗaciya da gyaran hanta, har ake sayar da garinta?

Hanta gaɓa ce mai sake girma. Tun 1931 wasu masu bincike biyu a Amurka, Higgins da Anderson, suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓerayen gwaji, cikin kamar kwana goma ragowar ta girma ta mayar da nauyinta. Ba ɓangaren da aka yanke ne ke tsirowa ba, wanda ya rage ne ƙwayoyinsa ke ta rabuwa har ya cike gurbin, sannan ya tsaya. Tambayar ita ce, ta yaya hanta take sanin ta ragu, kuma wa ke ce mata ya isa?

Wani ɓangare na amsar yana cikin 'yar jakar nan koriya da muke cirewa a hankali in muna gyara kaza. Hanta ce ke yin ruwan maɗaciya, a cikinsa akwai wani asid da take ƙerawa daga kolestarol. Aikinsa kamar sabulu ne a kan maiƙo: yana farfasa kitsen abinci a hanji don jiki ya iya tsotsa. Kuma jiki ba ya wasa da shi. Kusan kashi 95 cikin 100 ana sake tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji, jini ya mayar da shi hanta, ta sake turo shi. Haka yake ta zagaye.

Yanzu ka ɗauka rabin hanta ya lalace. Asid ɗin da ke dawowa bai ragu ba, masu karɓarsa ne suka ragu. Kamar motar masara ce ta iso, 'yan dako goma ake jira, biyar suka zo. A cikin ƙwayoyin hanta akwai wani furotin mai suna FXR, shi ke jin wannan nauyin. Da asid ya yi yawa ya kama shi, sai ya ba da umarni a dakatar da ƙera sabon asid, a hanzarta fitar da wanda ya taru, sannan ƙwayoyin su fara rabuwa. In hantar ta cika, kaya ya rabu daidai, saƙon ya lafa.

A 2006 Wendong Huang da David Moore da abokan aikinsu suka buga gwajin da ya nuna haka a mujallar Science. Ɓerayen da aka sa wa ɗan asid a abinci, kashi 0.2 cikin 100 kacal, hantarsu ta fi saurin dawowa. Waɗanda aka ba maganin da ke ɗaure asid a hanji, tasu ta yi jinkiri. Waɗanda ba su da FXR kwata-kwata, su ma ta yi nawa.

Akwai na biyu, TGR5, wanda ya fi yawa a magudanan maɗaciya da jakar kanta. Shi mai gadi ne. Masu bincike a Faransa sun nuna a 2013 cewa ɓeran da ba shi da shi, bayan an yanke hantarsa asid yana taruwa ya ƙona ta, gyaran ya ja baya. Dalili kuwa, bangon kowace ƙwayar halitta da kitse aka yi shi, kuma mun ce asid ɗin nan sabulu ne. Kaɗan yana ta da hanta, in ya taru ita yake ci.

Nan ne na gane kuskurena. Ɓerayen can lafiyayyiyar hanta gare su, wuƙa ce ta rage ta sau ɗaya aka ƙyale ta. Kajina kuwa kullum da safe ni da hannuna nake zuba musu abin da ke kashe hantar. Masarar ta yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata ƙwayoyin hanta da magudanan maɗaciya gaba ɗaya. Ita ce ta kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960, ta hanyar garin gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Zafin injin haɗa abinci ba ya kashe ta. Hantar da ake ƙara wa rauni kowace rana ba ta samun sararin gyara, kuma in magudanan sun lalace, ƙara asid ƙara mata kaya ne.

Ban ce garin maɗaciya ƙarya ba ne. Yana da wurinsa. 'Yan tsaki a satin farko ba sa fitar da isasshen ruwan maɗaciya, shi ya sa kitse ke yi musu wuyar narkewa. A kifi ma, an ga a kifayen Turai irin su salmon cewa in waken soya ya yi yawa a abinci asid ɗin yana raguwa, to masu haɗa wa tarwaɗa abinci da kansu su riƙe wannan. Amma taimakon narkar da abinci daban, maganin guba daban. Ko bainda da muke sawa, a hanji yake kama gubar, bai iya gyara abin da ya riga ya lalace.

Na zubar da sauran abincin, wallahi ban so ba. Mutuwa ta tsaya cikin 'yan kwanaki, waɗanda suka rage suka dawo ci, amma sai da suka ƙara sati biyu kafin su kai sayarwa, ribar duk ta tafi a nan.

Yanzu ba na sayen masara sai na zura hannu har tsakiyar buhu, na shinshina, na gatsa. In ba ta yi ƙas ba, na bar ta. Mai na'urar awo ya tabbatar danshi bai wuce kashi 13 ba. Ƙuliƙuli ya fi masara haɗari, ku ninka lura. Buhu a kan katako, nesa da bango. Wanda ke noma masararsa da kansa ya nemi Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin masara ta yi bunƙasa ta fitar da fure.

In kaza ta mutu kada ku jefar ba ku buɗe ba. Lafiyayyiyar hanta ja ce mai duhu, gefenta siriri, ba ta fashewa a hannu. Amma in kun ga maɗaciya ta cika tam kada ku firgita da wannan kaɗai, kaza ko kifin da ya kwana bai ci ba haka tasa take cika.