Darasi na 14: Fita da Kyanwa Waje

A unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, da wuya mutum ya shiga gida uku bai ga kyanwa ba. Masu shaguna a Kasuwar Kongo ma suna ajiye ta, domin ɓera ba ya barin buhu, ba ya barin yadi. Yawancin kyanwoyin nan ba mai fita da su, su ke fitar da kansu. Su hau katanga, su bi rufin kwano, su dawo sa'ad da suka ga dama. Amma ba duka ke dawowa ba. Wata bensikin ya take ta. Wata ta ci ɓeran da aka sa wa guba. Wata kuma ruwan watan Agusta ya ja ta cikin kwata.

Akwai wani maigida da ya tashi da iyalinsa daga New Bell, suka koma bene a Akwa. Autarsa tana da wata baƙar kyanwa mai farin ƙirji. A tsohon gida kyanwar tana da tsakar gida da bishiyar mangwaro. A sabon gida kuwa sai ɗakuna, ga babban titi a ƙasa, motoci ba dare ba rana. Kyanwa ta shiga kuka a bakin ƙofa. Ta daina cin abinci sosai. Ta yayyage hannun kujera da farcenta.

Baba ya ce, "In ba ta bar wannan ɓarna ba, zan ba da ita."

Auta ta fashe da kuka. Kaka ta ce, "Yi shiru, kishiyata. Laifin ba nata ba ne. Dabba tana son iska da ƙasa." Ta tuna musu da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Yayan Auta ya ce shi ya san dabara. Ya ɗauko igiyar shanya, ya ɗaura wa kyanwa a wuya kamar akuya, ya ja. Kyanwa ta turje, ta yi birgima, igiya ta shaƙe ta. Da ƙyar Kaka ta kwance ta, ta sha yakushi a hannu. Nan da nan aka wanke mata wurin da sabulu, aka kai ta asibiti.

Washegari Baba ya sa kyanwar a kwando mai murfi, suka tafi wurin likitan dabbobi tare da Auta. Likita ya ji labari, ya girgiza kai.

Ya ce, "'Yata, wuyan kyanwa ba ya son igiya. Maƙogwaronta yana da taushi. Kuma kafin a yi zancen fita, an yi mata allurar ciwon haukan kare?"

Auta ta ce, "Likita, ai ita ba kare ba ce."

Likita ya yi dariya. Ya ce sunan ne na kare, amma ciwon yana kama kyanwa, da saniya, da mutum. Daga wata uku da haihuwa ake yi wa kyanwa allurar, a kuma riƙa sabunta ta a lokacin da likita ya rubuta a kati. Ya yi mata allura, ya ba su maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Ya ce su bari allurar ta kama jiki, kamar wata guda. Sa'an nan ya zana musu wata 'yar riga a takarda.

Wani tela a Kasuwar Kongo ya ɗinka rigar da ragowar atamfa. Tana da maɗauri biyu, ɗaya a gaban kafaɗu, ɗaya a bayan ƙafafun gaba. A gadon baya akwai zobe, nan ake maƙala igiya. Ta haka nauyin ja yana sauka a ƙirji. In an ɗaura, sai a gwada sa yatsa biyu tsakanin riga da jiki. In ba su shiga ba, ta matse. In hannu duka ya shiga, ta yi yawa, kyanwa za ta zame.

Wannan wata guda shi ne na koyo, kuma a nan ne yara da yawa suke gajiya. Da fari Auta ta ajiye rigar kusa da kwanon abincin kyanwa, don ta shinshina ta saba da ita. Bayan kwana uku ta sa mata. Kyanwa ta kwanta a gefe ɗaya kamar wadda aka ɗaure da dutse, ta ƙi motsi. Auta ta tsorata, amma haka kyanwoyi suke yi ranar farko. Ta ba ta ɗan busasshen kifi, ta cire rigar bayan minti biyu. Kowace rana tana ƙara lokaci kaɗan. Da kyanwa ta fara wasa da gudu cikin riga, sai aka maƙala igiya, Auta tana bin ta daga ɗaki zuwa ɗaki.

Ranar fita ta farko Lahadi ce da sassafe, kafin motoci su yi yawa. Ba su nufi titi ba. A bayan benen akwai ɗan fili mai katanga da ciyawa, can suka je. Auta ta buɗe kwando ta zauna. Kyanwa ta daɗe ba ta fito ba. Daga baya ta leƙo, ta taka ƙasa, ta shinshina ciyawa, ta bi wani ƙadangare da ido. Duk tafiyar ranar ba ta kai taku goma ba. Mai gadi yana ta dariya, yana cewa yau ya ga kyanwa da riga.

Kare yana bin ubangidansa duk inda ya nufa. Kyanwa ita ke zaɓen hanya, mai igiya ya bi ta a baya. Ba a tsayawa a gabanta a ja, domin sai ta ja da baya ta zare jikinta daga riga. Kunnenta kuma ya fi namu ji. Tana jin kukan ɓera wanda mutum ba ya ji, to ina ga odar mota? In ta kwantar da kunnuwa, ta bushe jela, ta tsorata ke nan. Sai a lulluɓe ta da zane, a mai da ita kwando. Ba a ɗaure ta a tafi a bar ta ita kaɗai. Akwai kuma kyanwar da ba za ta taɓa yarda da riga ba, musamman tsohuwa. Ita wannan, a sa mata raga a taga, ta sha iska daga nan.

Baba bai sāke zancen ba da kyanwa ba. Amma ya kafa doka: ba a fita sai da kwando, kuma ba a taɓa kyanwar da ba a sani ba.

Dokar nan ta biyu tana da dalili. Ba kowace kyanwa ce kyanwar Lami ba, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. Ciwon haukan kare yana cikin yawun dabbar da ta kamu. An ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Mafi yawa daga cizon kare ne. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma in an yi allura da wuri, yana tsira. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum wannan allura a watan Yuli na 1885. Yaro ne mai shekara 9, sunansa Joseph Meister, kuma ya rayu. Da sunan Pasteur ake kiran wata babbar cibiyar binciken cututtuka a Yawunde. Ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya tun 2007.

Yaron da kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Ya gaya wa babba nan take. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15. Kada a sa toka ko barkono. A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Kalmomi

kyanwa, mage: le chat
ciwon haukan kare: la rage
likitan dabbobi: le vétérinaire
ƙuma: la puce

Tambayoyi

1. Me ya sa kyanwar Auta ta shiga kuka a sabon gida?
2. Yaya ake gane rigar kyanwa ta matse ko ta yi yawa?
3. Kyanwar da ba ka sani ba ta yakushi ƙanenka. Faɗi abin da za ka yi, ɗaya bayan ɗaya.
4. Zana rigar kyanwa a littafinka, ka nuna inda ake maƙala igiya.