Yadda Za Mu Rarrabe Ƙwari Biyu Masu Dogon Ƙaho

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. To, in damina ta faɗi a Sabon Birni ko Isa, aka kunna fitila da dare, akan ga waɗansu manyan ƙwari masu dogayen ƙahoni suna faɗowa kusa da ita. Yara sukan ce duk iri ɗaya ne, alhali kuwa biyu daga cikinsu dangi ne kurum. Wani masani mutumin ƙasar Danmak, Fabricius, shi ya fara bayyana su a ƙarshen ƙarni na 18. Ana kiran ɗaya Tithoes maculatus, ɗayan kuwa Macrotoma palmata.

Kada mu dogara ga girma. Ƙwaron nan ba ya ƙara girma bayan ya yi fikafikai, abin da ya ci yana tsutsa cikin itace shi ke nan rabonsa. Tsawon ƙaho ma yakan ruɗe mu, gama na namiji ya fi na mace.

Abu uku za mu duba. Na farko, garkuwar nan da ke tsakanin kai da fikafikai. Tithoes yana da manyan ƙayoyi 3 a kowane gefenta, Macrotoma kuwa ƙananan haƙora gare shi a jere, kamar bakin zarto. Na biyu, baki. Na Tithoes, balle namiji, ya zazzago gaba kamar awartaki, na Macrotoma gajere ne. Na uku, baya. Tithoes dabbare-dabbare ne da gashi mai launin toka, Macrotoma kuwa siriri ne, ja-baƙi, ba zane. Amma gashin tsohon ƙwaro yakan goge, don haka launi shi ne shaidar ƙarshe. In za mu duba, mu kama shi ta baya, gama cizonsa da zafi.

Mene ne amfanin wannan? Tsutsar Macrotoma takan ƙwaƙule cikin bagaruwa, a Masar an daɗe da sanin ɓarnarta. Bagaruwa kuwa, wadda ke fadamunmu, da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato. In muka koya wa almajiranmu sunan wannan a kan wancan, sai a bar ɓarawo a kama maƙwabcinsa.

Allah ya ƙara mana sani, amin.