Darasin Lafiya: Jinyar Babba a Gida da Yadda Za Mu Gane Ana Yin Ta Daidai

Darasin wannan fitowa ya shafi waɗanda ba su iya zuwa taro da ƙafarsu: tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, matar da ɓarin jikinta ya shanye, magidancin da ciwon sukari ya kwantar. A garuruwan da muka baro irin waɗannan ba su rasa mai duba su, domin gida babba ne, ga suruka, ga jikoki, ga maƙwabcin shekara talatin. Gudun hijira ya wargaza wannan tsari. Yau mutum shida ne a ɗakin haya ɗaya, kuma duk mai ƙarfi sai ya kama trotro da sassafe zuwa Kejetiya ko Aboabo neman abin kai wa baka. Sai a bar majinyaci a hannun yarinya, ko maƙwabciya, ko wata da ake biya duk wata. Ba mu ga laifin kowa a nan ba, dole ce ta sa. Abin da za mu koya shi ne yadda mai fita nema zai gane ko jinyar da ake yi bayan fitarsa tana da kyau.

Mai taimako daban, nas daban

Masu jinya a gida iri biyu ne. Akwai mai taimako, wadda aikinta wanka ne da tsarki da ba da abinci da juya majinyaci. Wannan aiki ba ya bukatar takardar makaranta, haƙuri yake so da tsabta da amana, sai kuma a nuna mata yadda ake yi. Akwai kuma nas, mai yin allura da ƙarin ruwa da canza robar fitsari da wanke gyambo mai zurfi. A Ghana, Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ce ke yi wa nas rajista ta ba shi lamba, wadda suke kira PIN, ta mataimakan nas kuma AIN. Duk wanda ya zo da farar riga ya ce zai riƙa yi wa Baba allura a gida, ku nemi ganin katin lambarsa, ku tambaye shi asibitin da yake aiki. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Idan kamfani ne ya turo shi, ku tambayi lasisin kamfanin. Hukumar HeFRA ce ke ba wuraren kiwon lafiya lasisi a ƙasar nan, bisa wata doka ta 2011.

Mun san baƙo yana jin nauyin yin tambaya a ƙasar mutane, balle in ba ya jin Turanci ko Tonanci. Ku nemi wanda ya iya ya tsaya muku. Mai gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi.

A duba fata kowace rana

A nan za mu daɗe, domin fatar majinyaci ita ce ke fara tona asirin jinya. Mutumin da ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne fatar da ke kan ƙashi har jini ya daina zagayawa a wurin. Cikin 'yan sa'o'i naman ƙasa yakan fara mutuwa, daga baya ya fashe ya zama gyambon kwanciya. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙarshen gadon baya, da kwankwaso, da diddige, da idon sawu, da kafaɗa, da ƙeya.

Littattafan jinya sukan ce a nemi wurin da ya yi ja. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa gidaje da yawa ba su lura sai an makara. Mu abin da za mu nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya yi zafi ko tauri idan an taɓa. A duba da hasken rana ko tocila, kuma a sa hannu, kada a tsaya ga ido kawai. Namiji ya duba namiji, mace ta duba mace, a rufe ƙofa, a nemi izinin mai jikin. Kunya tana da wurinta, amma mun ga inda kunyar ɗa ga mahaifinsa ta sa gyambo ya ci har ƙashi ba wanda ya sani.

Maganin wannan juyawa ce, kamar duk bayan sa'a biyu: dama, baya, hagu. Wanda ba shi da agogo ya ɗaure abin da lokutan salla, ya ƙara juyi ɗaya ko biyu a tsakaninsu, kuma kada a manta da dare. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Zanen da ya jiƙe da fitsari a cire shi nan take. A ɗaga majinyaci mutum biyu da zane, kada a ja shi a kan shimfiɗa. Man kaɗe yana da kyau ga busasshiyar fata mai lafiya, amma wurin da ya fara duhu ba a murza shi, ba a gasa shi da ruwan zafi, kuma in ya fashe ba a barbaɗa masa toka ko garin kafso. A nuna wa ma'aikacin lafiya tun yana ƙarami. Gyambon da ya fara wari, ko ruwa, ko ya zo da zazzaɓi, na asibiti ne a ranar.

Idan kun dawo da yamma kun tarar da Inna a gefen da kuka bar ta da safe, zane a jiƙe, kun riga kun sami amsar tambayarku.

Abinci da magani

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya. Kada a ba shi koko ko ruwa yana kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a bar shi a zaune kamar rabin sa'a bayan ya gama. Tari a lokacin ci, ko murya ta canza kamar akwai ruwa a maƙogwaro, alama ce abincin yana bin hanyar huhu, kuma wannan yana kawo ciwon huhu mai kisa. Tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba, sai an riƙa miƙa musu ruwa.

Magani kuwa, mutum ɗaya ya riƙe lissafinsa. A sami ƙaramin littafi a rubuta sunan kowane magani da lokacinsa, da boko ko da ajami, duk wanda ya bayar ya ja layi. Ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ƙarshen mako yana nuna ko ana bayarwa. Maganin hawan jini ba a daina shi don mutum ya ji sauƙi. Mai ciwon sukari da ya sha magani bai ci abinci ba, in ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, a ba shi ruwan sukari muddin yana iya haɗiya, sannan a kai shi asibiti. Wani abu da muke roƙo a kiyaye shi ne maganin barci. Akwai masu jinyar da ke sayo shi a kemis su ba tsoho don su huta. Majinyacin da ya koma yawan barci da rana ba dalili, a bincika abin da ake ba shi.

Faɗuwa ma tana karya tsofaffi, yawanci a hanyar bayan gida da dare. Fitila, da fo kusa da shimfiɗa, da kawar da tabarma mai naɗewa suna rage haɗarin nan da muke gani a ɗakunanmu.

Abin da ba a son faɗa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cutarwa a cikin shekara guda, kuma sau da yawa mai cutarwar na gida ne. Duka yana ciki, haka tsawa, da hana abinci, da kulle mutum a ɗaki, da cinye masa kuɗi. Tallafin da ya shigo wayar Kaka nata ne. Kada a ba mai jinya lambar sirrin MoMo, kuma katin shaidar gudun hijira kada ya bar hannun iyali. Lokaci-lokaci ku dawo gida ba zato. Ku zauna da majinyaci ku biyu kawai ku tambaye shi yadda ake yi da shi, ku lura ko yana yin tsit idan wani ya shigo.

Tsohon da ya fara mantuwa da sambatu da fita cikin dare yana fama da gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba. A 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba, kusa da Salaga, kan zargin maita. Kada irin wannan magana ta sami wurin zama a tsakaninmu. Wanda ya ga ana cutar da babba ya faɗa wa ma'aikatanmu, ko ya je sashen DOVVSU na 'yan sanda. Dokar hana cin zarafi a gida ta 2007 ta shafi duk wanda ke zaune a ƙasar nan.

Inda za a nufa

Asibitin Kumasi ta Kudu yana nan Atonsu-Agogo, shi ne mafi kusa da mu. Manyan matsaloli akan tura su Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: a kira 112 ko a tari tasi nan take, kada a jira gari ya waye. Ɗan gudun hijira mai rajista yana iya shiga inshorar lafiya ta NHIS, masu shekara 70 zuwa sama kuma an ɗauke musu kuɗin shekara. Ana sabunta kati ta waya da *929#. Sai dai inshorar ba ta biyan albashin mai jinya a gida, don haka a yi ciniki a fili tun farko, gaban shaida: nawa ne, wane aiki, wace rana ce hutu.

Ranar hutun nan ta shafi 'yar gida ma. Matar da ke jinya ita kaɗai dare da rana za ta gaji, kuma daga gajiya tsawa ke farawa. A raba kwana tsakanin 'yan'uwa, maza su ɗauki nasu rabon, yarinya 'yar makaranta kuma kada a cire ta daga aji saboda jinya. Gidan da ba shi da mai karɓa ya sanar da mu ko limamin unguwa, a duba cikin maƙwabta wanda zai riƙe ko da yini ɗaya a mako.