Ƙarin aure a ɓoye: dama ce ko cin amana?

A aikina na lauya mai bin shari'o'in aure, ƙorafin da na fi ji daga mata shi ne "ya ci amanata". Idan na bi diddigi, sau da yawa maganar ba ta kai ga zina ba. Hira ce a WhatsApp da wata yarinya, ko labarin ɗaurin aure da uwargida ta tsinta a bakin maƙwabta bayan an gama rabon goro. Amsar maigida kuwa ba ta canzawa: "Barista, ai neman aure nake, addini ya ba ni dama."

Ya ba shi. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, yardar uwargida ba sharaɗi ba ce wajen ƙara aure. Amma damar ba ta haɗa da ɓoyo ba. Idan miji ya ce wa shaidu su kama bakinsu, ko da matarsa kaɗai yake son a ɓoye wa, malamai na kiran wannan auren sirri, kuma raba shi ake yi, sai fa in an tare kuma an daɗe. Hirar tsakar dare da yarinyar da iyayenta ba su san da kai ba, magabatanka ba su taka gidansu ba, wannan ba neman aure ba ne. Da matarka ce ke irin wannan hira da tsohon ɗan ajinsu, da tuni takardarta na hannunta.

Wasu kuma suna zuwa rajista su yi auren kotu saboda neman biza. Wannan aure na mace ɗaya ne; wanda ya ƙara wani a kansa bisa al'ada, Dokar Aure ta Najeriya ta tanadar masa ɗaurin shekara 5.

Akwai mai ce min, "Ai ta san ina da wata a waje, ba ta ce komai ba." Matar da ta yi shiru don 'ya'yanta ko don ba ta da inda za ta koma, haƙuri ta yi, ba ta yarda ba. Ko da ta yarda ma, sashe na 387 da 388 na dokar Penal Code ba su tambayi ra'ayinta ba: hukuncin zina ɗaurin har shekara 2 ne, ko tara, ko duka biyu.

Mace mai gudun kishiya tana iya sa sharaɗi tun ranar ɗaurin aure cewa in ya ƙaro wata, ita ke da zaɓin zama ko tafiya. A rubuta shi, waliyyi da shaidu su sa hannu. Alkawarin da aka yi a wurin zance yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali.