Harshen Kanikawa Wajen Gano Matsalar Mai a Injin Mota: Misali Daga Basirka

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda direbobi da kanikawa ke sarrafa Hausa wajen gano abin da ke hana mai isa cikin inji. An ɗauki misali daga Basirka, garin da ke ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, a kan hanyar da ta taso daga Birnin Kudu ta nufi Darazo. Duk direban da motarsa ta mace masa a wannan hanya, da baki zai fara bayyana wa bakanike ciwonta. In kuwa aka yi wa bayanin mummunar fahimta, sai a yi asarar kuɗi wajen canza abin da lafiyarsa lau.

Hanyar Mai

Mai yakan taso daga tanki, famfo ya turo shi cikin tiyo, filta ta tace shi, sannan ya gauraya da iska ya shiga inji, fulogi ya kunna shi. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kafireto ke yin wannan gauraye, kuma ƙarfin turin mai bai cika wuce PSI 7 ba, wato ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Amma a mafi yawan motoci masu injekta, famfon lantarki ne a cikin tanki, kuma turinsa yakan kai 40 zuwa 60, fiye da iskar tayar ƙaramar mota. Wannan turi shi kanikawa ke kira firesha.

Kalmomi da Ma'anoninsu

Kalmomin wannan sana'a iri biyu ne. Sunayen kayan inji kusan duk na aro ne daga Ingilishi, kamar filta da fulogi da totur da geji. Amma in aka zo bayanin ciwo, sai Bahaushe ya koma rumbunsa, ya ɗauki mota tamkar mai rai. Ga misalai:

(a) Tana shan mai. Wato mai ya rinjayi iska. Alamarsa baƙin hayaƙi daga salansa da baƙin fulogi.

(b) Tana fizga. Mai na zuwa yana yankewa, sau da yawa saboda toshewar filta ko ruwa a cikin mai.

(c) Ba ta ja. Tana tsayuwa lafiya a silo, amma da an yi lodi ko an hau tudu sai ta kasa, domin turi ya yi rauni.

(d) Ta mutu. Inji ya tsaya ɗungurungum.

A nan fa gizo ke saƙa, domin kalma ɗaya tana iya ɗaukar ciwo biyu. Matsalar wuta, kamar lalacewar kwayil, ita ma takan sa mota fizga ko mutuwa.

Matakan Bincike

Masu iya magana sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Gwanin bakanike yakan fara da kunne: ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya saurari ƙugin famfo na kamar daƙiƙa 2. In bai ji komai ba, sai ya duba fis da rile da wayoyi tukuna, kafin ya yanke wa famfo hukunci.

Na biyu, ya kwance fulogi. Fari fat yana nuna ƙarancin mai, jiƙaƙƙe kuwa yana nuna mai na zuwa, wataƙila wuta ce babu.

Na uku, ya zuba man cikin kwalba mai haske. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa. Wannan mataki ba abin rainawa ba ne ga mai saye a hannun 'yan bumburutu. Hasali ma, a farkon shekarar 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci da dama suka lalace.

Na huɗu, ya ɗaura geji. Shi kaɗai ke faɗin gaskiyar turi. In allura ta yi ƙasa, a tuhumi filta kafin famfo, domin ita ta fi araha. In ta faɗi da sauri bayan an kashe inji, to akwai yoyo, ko a injekta ko a bawul ɗin famfo. Al'adar cire tiyo a kalli yadda mai ke tsartuwa, da zuƙarsa da baki, gado ne daga zamanin kafireto. A mota mai injekta ba ta nuna adadin turi, sannan tana iya haddasa gobara.

Kammalawa

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobi da yawa kan sayi ɗan abin da zai kai su tasha ta gaba kawai. Alhali man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo, don haka yawan tafiya da tanki a ƙasa yana rage masa kwana. Ke nan buƙatar bayani mai kyau ta ƙaru.

Hausa ta wadata da kalmomin bayyana alamun ciwo, amma tana ƙarancin na awo. Ya kamata ɗaliban sashen Hausa su shiga gareji su tattara waɗannan kalmomi, su daidaita rubutunsu, domin yaron da ke koyon sana'a a Basirka ya iya karanta geji, ya kuma yi wa direba bayani da harshensu.